Zauren Ɗalibai: Cocin Ƙasa na Wusasa, Ginin da Yake Jin Hausa

 

Yau a kan gini za mu tattauna, ginin ma na coci. Mun san wasu za su ce, me ya haɗa ɗan Gwiwa da wannan batu? Gaskiya ne, a yankinmu na Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura yawancin jama'a Musulmi ne, kuma yaro yana iya gama sakandare bai taɓa sanin yadda cikin coci yake ba. Iyakar saninsa alamar gicciye da ya hango ta tagar mota a hanyar Kano, sai kuma labaran majalisa. Amma wannan yaron shi ne gobe zai tafi jami'a ya zauna ɗaki ɗaya da ɗan Kafanchan. Shi ne za a tura bautar ƙasa Inugu ko Kalaba. Shi ne kuma wata rana zai zama injiniya ko jami'in tsara gari, a kawo masa takardar gini ya sa hannu. Wanda bai san abu ba, duk abin da aka gaya masa a kai sai ya hau ya zauna, kuma a Arewacin nan mun ga irin rayuka da dukiyar da jita-jita a kan wuraren ibada ta laƙume. Maganar nan ta shafi ɗalibi Kirista ma, wanda yake wuce masallaci kullum bai san abin da ake kira mihirabi ba.

Sanin yadda maƙwabci ya gina ɗakin ibadarsa ilimi ne irin na darasin tarihi da labarin ƙasa, ba ya rage wa kowa addininsa. Gini kuwa yana magana. Idan ka iya kallonsa, zai gaya maka da me aka yi shi, su wa suka yi shi, da abin da masu shi suka fi girmamawa. A ƙasar Hausa akwai wani coci da idan ya yi magana da Hausa yake yi, shi ne cocin St Bartholomew da ke Wusasa, kusa da Zariya. Kafin mu isa can, bari mu share hanya.

Suna uku, ma'ana biyu

Bahaushe yana da kalma uku a nan. “Coci” aro ce daga Turanci. “Majami'a” daga Larabci take, tushenta ɗaya da jama'a da Jumma'a da jami'a, wato wurin taruwa. “Ikilisiya” kuma daga harshen Girka ta zo, ma'anarta taron mutane. Kiristoci Hausawa sukan bambanta su: majami'a ita ce ginin, ikilisiya kuwa mutanen ne. Shi ya sa za ku ga kalmar a cikin sunayen ɗariku irin su EYN, wato Ekklesiyar Yan'uwa a Nijeriya. Wannan ɗarika a Garkida ta jihar Adamawa ta faro a 1923, kuma taron ibadarta na farko a gindin wata tsamiya aka yi shi. Kun ga ke nan mutane ne suke fara zuwa, gini ya biyo baya.

Daga ɗakin gida zuwa katidiral

Haka abin ya kasance tun asali. Kusan shekara 300 na farko, Kiristoci a gidaje suke taruwa, domin daular Rum tana takura musu lokaci-lokaci. Ɗaya daga cikin tsofaffin coci-coci da masu tono kayan tarihi suka gano yana wani kango da ake kira Dura-Europos a Siriya. Gidan zama ne aka gyara wajen shekara ta 240: aka rushe bangon da ya raba ɗaki biyu aka sami zauren taro, aka ware wani ɗakin don baftisma.

A shekara ta 313 Sarki Konstantin ya ba Kiristoci 'yancin yin addininsu a fili, sai buƙatar manyan gine-gine ta taso. Ba su ƙirƙiro sabon fasali ba, aron wanda suka tarar suka yi. Rumawa suna da wani dogon zaure da ake kira basilika, inda ake shari'a da harkokin kasuwa. Yana da jerin ginshiƙai dama da hagu, ƙarshensa kuma a lanƙwashe, nan alƙali yake zama. Sai aka sa kujerar bishop da teburin ibada a gurbin alƙali. Daga sunan wannan kujera ne aka sami kalmar katidiral. Saboda haka ba girman gini ne yake sa a kira shi katidiral ba, kasancewar kujerar bishop a ciki ne. Ku riƙe wannan, yana iya fitowa a kacici-kacici.

Daga nan kowace al'umma ta riƙa gini da abin da ƙasarta ta ba ta. A birnin da yanzu ake kira Istanbul an kammala Aya Sofiya a 537, da wata makekiyar ƙubba. Bayan Turkawa sun ci birnin a 1453 aka mai da ita masallaci, maginansu kuma suka ɗauki darasi daga ƙubbar suka ƙawata manyan masallatansu da irinta. A Jamus, inda ake da dutse ga ƙarancin rana, aka yi dogayen gine-gine masu manyan tagogin gilashi mai launi, hotunan jikin gilashin suna ba da labari ga mutanen da ba su iya karatu ba. An fara katidiral ɗin Kolon a 1248, ba a gama ba sai 1880, tsayin hasumiyoyinsa mita 157. A Lalibela ta ƙasar Habasha, kimanin shekara 800 da suka wuce, aka sassaƙa coci 11 a cikin fa, ana haƙawa daga sama zuwa ƙasa. A Navrongo da ke arewacin Gana kuwa, da ƙasa aka gina katidiral ɗin Katolika, matan yankin suka yi wa bangonsa zane irin wanda suke yi wa ɗakunansu.

Me ke cikin coci?

Idan mutum ya shiga ta babbar ƙofa, abin da zai fara tararwa shi ne filin zaman jama'a, da bencina ko kujeru a jere, an bar hanya a tsakiya. Can gaba akwai bagade, wato wuri mai ɗan tudu inda teburin Jibin Ubangiji yake. Jibin nan gurasa ne da ruwan inabi da Kiristoci suke ci tare don tunawa da cin abinci na ƙarshe da Yesu Almasihu ya yi da almajiransa. Akwai mumbari na wa'azi, akwai wurin karanta Littafi Mai Tsarki, akwai gefen mawaƙa. Wasu ɗariku suna da ɗan kwamin ruwa na baftisma, wasu kuma sai sun nutsar da mutum gaba ɗaya, don haka suke gina kududdufi ko su tafi rafi. Yawancin tsofaffin coci-coci gabas suke fuskanta, wasu kuma idan aka dube su daga sama siffar gicciye gare su.

Tsarin ciki yakan nuna maka ɗarikar masu wurin. A cocin Katolika bagade ne a tsakiyar ido, akwai siffofi da hotuna, ga kuma alamomi 14 a jikin bango masu ba da labarin hanyar gicciye. A cocin ECWA ko na Baftis kuwa, sau da yawa bango fayau yake, mumbari ne ya fi fitowa. Wannan bambanci yana da tarihi. Ya samo asali ne daga yunƙurin gyara da Martin Luther ya fara a Jamus a 1517, wanda magoya bayansa suka fifita wa'azi da karatun littafi a harshen da jama'a suke ji.

Ranar Lahadi ce ranar babban taro, wanda Kiristoci Hausawa suke kira sujada. Ana waƙa, ana addu'a, ana wa'azi, ana tara baiko. Kirsimeti ranar 25 ga Disamba take a mafi yawan ɗariku, amma a Habasha sai 7 ga Janairu. Ista ba ta da rana tsayayya domin lissafinta yana bin wata, a nan Nijeriya takan faɗo tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, kuma wasu ɗariku sukan yi azumin kwana 40 kafin ta. Akwai kuma al'adun da nan Arewa suka tsiro ko suka sami kamar gida. 'Yan Zumuntar Mata sukan yi anko su rera waƙoƙin Hausa da tulun kiɗa da caki. Da kaka, manoma sukan kawo dammunan gero da dawa majami'a don bikin godiya. A ƙauyuka da yawa ƙararrawar coci tsohon wilin mota ne rataye a bishiya, irin dai wanda ake kaɗa muku a makaranta idan lokacin tara ya yi.

Yadda aka yi aka zo Wusasa

To, mu koma ga cocinmu na ƙasa. A 1900 wani ayarin 'yan mishan na ƙungiyar CMS ta Ingila, ƙarƙashin Bishop Tugwell, ya iso Kano. Sarkin Kano Alu bai karɓe su ba, ya ce su fice masa daga gari cikin 'yan kwanaki. A cikin ayarin akwai wani matashin likita mai suna Walter Miller, wanda Hausawa suka sani da Likita Mila. Bai koma gida ya zauna ba. A 1905, zamanin Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, ya sami zama a cikin birnin Zariya, ya buɗe ɗakin shan magani da makaranta. Ya ƙware a Hausa ƙwarai, kuma yana cikin manyan waɗanda suka yi aikin fassarar Littafi Mai Tsarki, wanda ya fito cikakke da Hausa a 1932.

Zaman mishan a cikin ganuwa bai yi wa masarauta daɗi ba, bai kuma yi wa Turawan mulki daɗi ba. Dalili kuwa, tun 1903 Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin cewa gwamnatinsa ba za ta sa baki a addininsu ba, don haka jami'an mulkin mallaka da kansu suka riƙa taƙaita aikin mishan a masarautun Musulmi. Wannan wani abu ne da ɗalibai da yawa ba su sani ba, suna ɗaukar Baturen mulki da Baturen mishan bakinsu ɗaya a kowane lokaci. Bayan doguwar jayayya, a 1929 aka mai da mishan ɗin Wusasa, a gindin dutse, bayan gari. A nan, ƙarƙashin jagorancin wani limamin coci mai suna Guy Bullen, aka gina cocin St Bartholomew, ga makaranta, ga kuma asibitin St Luke.

Abin lura shi ne zaɓin da aka yi wajen ginin. A lokacin jirgin ƙasa ya riga ya iso Zariya da Kano, ana iya kawo siminti da kwano daga Ikko, kamar yadda ake yi a unguwannin Sabon Gari inda baƙi daga Kudu suka gina nasu coci-cocin. Amma jama'ar Wusasa Hausa suke ji, da Hausa suke addu'a, a gidajen ƙasa suke kwana. Sai aka gina musu majami'a da tubali da azara, rufinta a kan bakuna, irin ginin da Bazazzagi ya saba gani a fada da masallaci. Yau wurin shi ne cibiyar dayosis ɗin Angalika ta Wusasa, kuma tsohon ginin yana nan, shekarunsa sun doshi 100.

Ƙaramar unguwar nan ta fitar da mutanen da kuke karantawa a littattafanku. Janar Yakubu Gowon, shugaban ƙasa daga 1966 zuwa 1975, a Wusasa ya tashi. Farfesa Ishaya Audu, ɗan Nijeriya na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, a makarantar St Bartholomew ya yi karatu. Dokta Barau Dikko, likitan zamani na farko daga Arewa, wanda aka sa wa asibitin koyarwa na Kaduna sunansa, daga wannan al'umma ya fito. Masu nazarin adabin Hausa kuma sun san John Tafida, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Dokta Rupert East. Shi ma ɗan Wusasa ne.

Sirrin bakan gizo

Yaya ake rufe babban ɗaki da ƙasa ba tare da rodi ko siminti ba? Wannan tambaya ce ta injiniyoyi, kuma maginanmu sun amsa ta tun kafin zuwan Turawa.

Ana fara kwaɓa jar ƙasa da ciyawa a bar ta ta tsima, a mulmula tubali a shanya, a jera shi ana cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Bango yakan yi kauri a gindi ya riƙa sirancewa yana hawa, saboda nauyi ya zauna daram. Azara kuwa daga giginya ake faskaro ta, gara ba ta cika cin ta ba. Matsalarta ɗaya: idan tazarar da aka shimfiɗa ta ta wuce kimanin mita 2, nauyin ƙasar rufi yana lanƙwasa ta. Sai magina suka yi dabara. Sukan kafa azara a cikin bango ta ɗan leƙo ciki, su ɗaura wata a kanta ta ƙara leƙowa, haka daga ɓangare biyu, har hannuwan su haɗu a sama. Sai a lulluɓe da ƙasa, ya fito a lanƙwashe kamar baka. Wannan shi ne bakan gizo. Idan bakuna suka fito daga kowane bango suka sarƙe a tsakiya, shi ake kira ɗaurin guga, a kansa ake ɗora tulluwa. Daga waje a yi yaɓe da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, a sa indararo don ruwan sama ya zuba nesa da bango, a tsayar da zankwaye a kusurwoyi.

Wanda ya kai wannan fasaha ƙololuwa shi ne Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Jumma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, wajen shekarun 1830. Kusan shekara 90 bayan haka, wannan fasahar ce dai ta rufe majami'ar Wusasa. Ƙasa ɗaya, giginya ɗaya, ilimin hannu ɗaya, masu ibada daban. Ginin ƙasa yana da wata fa'ida kuma da duk wanda ya zauna a aji mai rufin kwano a watan Afrilu zai gane: bango mai kauri yana shanye zafin rana a hankali, ba ya sako shi sai dare, shi ya sa cikin soro yake da sanyi da tsakar rana.

A nan kusa da gida

Tarihin nan bai tsaya a Zazzau ba. Wata ƙungiyar mishan mai suna SIM, wadda ta fara yunƙurin shigowa ƙasar nan a 1893, ta sami ƙofar shiga masarautun Arewa ta hanyar magani. A shekarun 1930 aka ba ta kula da asibitocin kuturta, irin su Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina da Amanawa a Sakkwato. A 1943 ta buɗe asibitin ido na Kano, wanda har yau iyayenmu suke zuwa. A tsallaken iyaka ta buɗe asibitin Galmi a Nijar a 1950. A nan maƙwabtanmu Roni ma ta kafa tasha tun zamanin Turawa, har da makarantar kwana ta yara maza. Coci-cocin da suka fito daga aikin SIM su ne suka dunƙule suka zama ECWA a 1954.

Yawancin majami'un karkarar Kano da Katsina da Jigawa, musamman a ƙauyukan da a da ake kira na Maguzawa, ba su da hasumiya ko gilashi mai launi. Ɗaki ne mai kusurwa huɗu, na ƙasa ko na bulo, da rufin kwano da bencina. Masu shiga cikinsa Hausawa ne, gero suke nomawa, kasuwa ɗaya muke ci da su, kuma idan damina ta yi gardama tare muke kwana da zullumi. Sukan kira kansu Masihiyawa. Saboda haka kuskure ne a ɗauka duk Kirista baƙo ne daga Kudu, kamar yadda yake kuskure a ɗauka babu Musulmi a cikin Ibo.

Abin da za mu iya rasawa

Ginin ƙasa yana son kulawa. Idan aka bar yaɓe ya zaizaye, ko indararo ya toshe, ruwa zai shiga ya ruɓar da azara daga ciki ba tare da kowa ya gani ba. A Jenne ta ƙasar Mali, duk shekara gari ne yake fitowa kwansa da kwarkwatarsa a yaɓe babban masallacinsu, shi ya sa yake tsaye. A nan gida kuwa, ranar Jumma'a 11 ga Agusta 2023, wani sashe na tsohon masallacin Zariya ya rufta ana sallar La'asar, mutane da dama suka rasu. Allah ya jiƙansu. Abin da ya sami aikin Babban Gwani yana iya samun cocin Wusasa, yana iya samun hasumiyar Gobarau ta Katsina, yana iya samun zauren dagacin garinku.

Babbar barazanar ma ita ce ƙarewar masu ilimin. Ku duba a Gwiwa da ƙauyukanta, magina nawa ne 'yan ƙasa da shekara 40 da za su iya ɗaura bakan gizo? Kowa ya sami kuɗi bulo da kwano yake nema. Ba mu ga laifin kowa ba, domin yaɓen shekara-shekara aiki ne, kuma ambaliyar 2022 ta rusa gidajen ƙasa masu yawa a Jigawa. Amma gyara ake yi wa fasaha, ba a binne ta. A Dandaji, wani ƙauyen Hausawa a Nijar, wata mai zanen gine-gine 'yar ƙasar, Mariam Issoufou Kamara, da abokiyar aikinta sun gina sabon masallaci da bulon jar ƙasa da ake matsewa da inji, suka gyara tsohon masallacin ƙasa ya zama ɗakin karatu, aka kammala a 2018. Babu abin da zai hana wata ɗaliba da take aji biyar yau a Gwiwa ko Babura ta karanci zanen gine-gine ta yi irin wannan aiki, ko ta zama wadda za a kira idan bangon Wusasa ya tsage. Ranar da za a kira ta, ba za a tambaye ta addininta ba, iya aikinta za a duba.

Irin wannan riƙon amana tsakanin mabiya addinai biyu yana da tarihi. A birnin Ƙudus akwai cocin da Kiristoci suka yi imani a nan kabarin Yesu Almasihu yake. Ɗaruruwan shekaru ke nan mabuɗin ƙofarsa yana hannun wani gidan Musulmi, gidan Judeh, wani gidan Musulmin kuma, gidan Nusaiba, shi yake buɗewa da rufewa. Ba su bar addininsu ba, Kiristocin ma ba su bar nasu ba.

Aikin wannan mako

Ga aikin gida, kuma ba na maki ba ne. Kowa ya nemo gini mafi tsufa a garinsu, ko masallaci ne, ko majami'a, ko zauren mai gari, ko soron kakanni. Ku sami dattijon magini ku gaishe shi da ladabi, ku ce, “Baba, muna son a koya mana sunayen sassan ginin nan.” Ku tambayi wanda ya gina shi, a zamanin wane sarki ko hakimi, daga ina aka ɗebo ƙasar, daga ina aka kawo azara, yaushe aka yi masa yaɓe na ƙarshe. Ku rubuta shafi ɗaya, ku zana fasalin ginin da fensir.

Sai dai a kiyaye ƙa'ida. Wurin ibada ba wurin wasa ba ne, ko na wane ne. Kada ku je sai da sanin iyaye ko malami. Kada ku shiga ko ku ɗauki hoto sai da izinin masu wurin, kuma kada ku je lokacin da ake ibada. Idan an ce a cire takalmi ko hula, a cire, idan an ce a tsaya daga waje, a tsaya. Tambaya kuka je yi, ba muhawara ba. Idan kuma a ajinku akwai wanda addininku ya bambanta, to kuna da malami a kusa: ka tambaye shi mene ne bagade, shi kuma ya tambaye ka mene ne mihirabi. Matambayi ba ya ɓata.

Waɗanda suka rubuta su aiko ta hannun editan wannan shafi, tare da sunan makaranta da aji. Za mu zaɓi uku da suka fi tsari mu buga su a nan, kuma muna sa ran ganin na 'yan Roni, domin tsofaffin garinku suna da labarin da bai kamata ya tafi tare da su ba. Mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu, za mu duba masallacin Agadas da doguwar hasumiyarsa ta ƙasa, mu ga yadda aka yi ta tsaya ɗaruruwan shekaru a bakin hamada.

A ci gaba da karatu. Sai mun sake haɗuwa.